Ranar da Kaza Ta Riga Ni Takawa

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safiyar Talata na karye. Na san lokacin daidai, domin agogon hannuna nake dubawa sa'ad da ƙafata ta zame. An kwana ana ruwa, hanyar da ke fita daga bayan gidanmu zuwa bakin titi ta yi santsi, ni kuma ina sauri kada motar farko ta Daura ta cika babu ni. Wajen tsallake ɗan kwalbatin da ke dab da titi, ƙafar dama ta faɗa tsakanin siminti da dutse, jikina ya yi gaba, ita ta tsaya. Na ji ƙara irin ta busasshen kara. Ban yi ihu ba. Abin da na fara yi shi ne ɗaga jakar littattafaina sama don kada ta jiƙe.

Gidanmu a ƙarshen gari yake a Sandamu, garken tumakin Baba kuma yana manne da katangar baya. Saboda tumakin ne Baba ke da karnuka biyu: Damisa, tsoho, wanda ba ya tashi sai dole, da Ƙyalle mai farin goshi. Ba sa shiga cikin gida, iyakarsu dokin ƙofar baya. Ni ban taɓa kula su ba. Ko ƙashi ban taɓa jefa wa Ƙyalle ba, amma tun da na fara karatun koyarwa a kwaleji a Daura ya ɗora wa kansa raka ni titi kullum da safe. Yana tafe a bayana da 'yar tazara, ya zauna gindin dalbejiya har motar ta tashi, sannan ya koma.

Ran nan shi ya hana a taimake ni. Ya tsaya a kaina yana gurnani, 'yan acaba uku sun sauko amma ba mai iya matsowa.

"Malama, ki yi wa karenki magana mana," in ji ɗayansu.

"Ba nawa ba ne," na ce.

"To shi bai san da haka ba."

Sai da aka je aka kirawo Baba.

A lokacin saura mako goma sha biyu a tura mu koyon aiki a makarantun firamare, wanda shi ne ƙarshen karatunmu. Ƙa'idar kwalejin ita ce duk wanda bai bayyana a makarantar da aka tura shi ba a makon farko, sai ya jira baɗi. Aji ɗaya na roƙa a ba ni. Ni da ba na iya ɗaga murya a gaban mutum uku, a gaban ƙananan yara bakina buɗewa yake yi. Tun ina kwance cikin taɓo na fara lissafin makonnin nan.

Baba ya so a wuce da ni asibiti. Iya, mahaifiyarsa, wadda sunanta aka sa mini, ta ce ba ta san zancen ba.

"Su da an kai musu ƙafa sai su ɗauko zarto. Ga Malam Ɗan'azumi a wajen Zango, shi ya ɗora mini hannun nan, kana gani da shi nake tuƙa tuwo."

Baba ba ya musu da Iya. Kafin azahar mai ɗori ya iso a bayan babur, dattijo ne siriri, ba ya yawan magana. Ba zan bayyana yadda jan ƙafar ya kasance ba. Na dai ciji filo har ya yage. Ya shafe ƙaurin da man shanu, ya jera karare, ya ɗaure da tsumma. Da ya gama sai ya ce a kamo masa budurwar kaza. A gabana ya karya mata ƙafar dama, ya ɗaure ta da tsinken tsintsiya da zare.

"Ku ajiye ta kusa da yarinyar. Ran da ta taka, alama ce ɗori ya fara kamawa. Amma a aiko mini in zo in duba kafin ita ta sa ƙafa a ƙasa."

Na rubuta wannan ne don kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Ƙarshen maganar nan na ji shi da kunnena, har na rubuta shi a bayan littafina.

Ɗaki ya yi mini zafi, sai aka riƙa shimfiɗa mini katifa a rumfar da ke kusa da ƙofar baya. Kazar tana gefena cikin akurki. Daga nan ina ganin murhun Inna, mahaifiyata, ina ganin gefen garke, ina kuma ganin Ƙyalle, wanda ya mayar da bakin ƙofar wurin kwanansa, haɓarsa a kan dokin ƙofa, idonsa a kaina. Da bakwai ta yi sai ya miƙe, ya dube ni, ya ɗan jira, sannan ya kama hanya shi kaɗai. Mai shayin bakin titi ya gaya wa Baba cewa gindin dalbejiyar yake zama har motar farko ta tashi. Wajen ƙarfe takwas sai ya dawo ya kwanta. A duk yini ba lokacin da ya fi wannan sa'a yi mini nauyi. Ina kwance ina bin motar a zuciyata: yanzu sun wuce gonakin gyaɗa, yanzu sun shiga gari, yanzu ana buɗe ɗakin karatu, wata ta zauna a kujerata ta bakin taga.

'Yan dubiya sun zo, Allah ya saka musu, kowa da maganinsa. Wata ta ce romon ƙafar sa safe da yamma. Wata ta ce nonon shanu ba haɗi. Wata ta ja Inna gefe ta ce kada a kuskura a ba ni miyar yauƙi, ƙashin zamewa zai yi. Saboda maganar nan na yi wata biyu ban ɗanɗani kuɓewa ba, ga ta ɗanya shar a bayan gida. Duk wanda na tambaya yaushe zan tashi, amsa ɗaya ce: saura kaɗan.

Inna ba ta yarda mutum ya zauna hannu sake ba, ko da karyayye ne. Ta fara ajiye mini tire a cinya: tsinke zogale, tsintar wake, ɓarar gyaɗa. A mako na biyu ta matso da kurfoti kusa da katifata ta ce in saki ɗanwake. Na tambaye ta kanwa nawa ake sawa.

"Ido ne."

"Inna, ido kamar cokali nawa?"

"Ke komai sai an rubuta miki a allo? Ki zuba, in ya yi za ki gani."

Na farko ya narke a ruwa ya koma kunu. Na biyu ya yi tauri, Iya ta ce a ajiye mata ko za ta jefi shaho. Shi na jefa wa Ƙyalle, abu na farko da ya taɓa samu daga hannuna. Ya cinye ya lashe ƙasa. Iya ta ce to ga wanda zai aure ni ya samu. A karo na huɗu na gane: murfin kwalba biyu na ruwan kanwa ga gwangwanin gari ɗaya, kuka kuma a barbaɗa har ƙullin ya riƙa bin hannu. Yana nan a rubuce.

Amma hankalina duk a kan kazar yake. Na fi kula da ita fiye da kaina. Ina ba ta tsakin gero, ina murƙushe mata ɓawon ƙwai, ina roƙon Baba ya tono mata gara. Kullum da safe sai na ɗaga akurkin na duba. Ranar goma sha tara, da hantsi, ta sauke ƙafar. Ta ɗaga, ta sake saukewa, ta yi taku uku zuwa kaskon ruwa.

Baba yana gona wajen maimai, wato noma na biyu. Inna ta tafi barka. Iya tana barci a ɗakinta. Na buɗe littafi na ga maganar mai ɗori da rubutun hannuna. Na kuma lissafa cewa in an aika masa yau, sai jibi ko gata zai zo, watakila ma ya ce a ƙara mako. Na ce a raina gwadawa kawai zan yi, ba tafiya ba. Na kama dirkar rumfa, na miƙe a kan ƙafar hagu, na sauke ta dama a hankali. Ban ji komai ba. Sai na saki dirkar.

Wannan karon na yi ihu. Da na duba, ƙafar ta lanƙwashe daga tsakiyar ƙauri, kararen sun buɗe. Ƙyalle, wanda tunda aka kawo shi yana ɗan kwikwiyo bai taɓa tsallake dokin ƙofar nan ba, sai ga shi a tsakar gida, a bakin ɗakin Iya, yana haushi. Ta fito da muciya a hannu za ta kai masa, sai ta hango ni a ƙasa. Ta saki muciyar. Ba ta kore shi ba, shi ya fita da kansa.

Washegari Baba bai shawarci kowa ba, ya yi shatar mota zuwa asibiti a Daura. Mun isa kafin bakwai, muka tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Ina kwance a kan benci, kaina a cinyar Inna, har aka kira azahar. Da muka ga likita ya ce a yi hoton ƙashi, da muka je ɗakin hoton aka ce ba wuta. A adaidaita aka kai ni wani wurin hoto a cikin gari, ƙafata a miƙe ta leƙo waje, kowane rami sai na ji shi a tsakiyar kaina. Wannan yinin ban yafe shi ba har yanzu. Amma kuma akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta ga leɓena ya bushe, ta kawo mini ruwa a kofinta ba tare da an roƙe ta ba. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a.

Likita ya ɗaga hoton a jikin taga ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce ki taka?"

Na sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Kazar ce ta taka, likita."

Bai yi dariya ba, da alama ba yau ya fara ji ba. "Kaza ƙashinta kamar tsinke yake, jikinta kuma ba nauyi. Ke fa? Ɗorin farko bai yi muni ba, da an bar shi. Ƙashi ba ya sauri don mai shi yana sauri."

Aka yi mini allura, aka sake jan ƙafar, aka naɗe ta da farin simintin asibiti tun daga cinya har yatsu. Kafin mu tafi likita ya kira Baba waje, suka yi magana a baranda. Na ɗauka zancen magani ne. A makon nan Baba ya kai raguna kasuwar Mai'adua, ni dai na ga turakunsu babu komai.

Duk bayan mako biyu muke komawa. Kowane zuwa ina da tambayata a rubuce a 'yar takarda cikin tafin hannu: zan iya tsayuwa a aji kafin a koma makaranta? Ban taɓa iya furta ta ba. Baba ne ke magana, shi kuma abin da yake cewa kawai, "Da sauƙi dai, likita?" Likita ya ce, "Mu ga hoto na gaba." Sai in dawo da takardar ta jiƙe da gumi.

Zaman siminti ya fi zaman karare wuya. Ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa, nauyi kamar an ɗaura mini turmi, wanka sai Inna ta naɗe ƙafar da leda. Malam Ɗan'azumi ya zo dubiya da ya ji labari. Ya tsaya daga bakin rumfa ya dubi simintin ya ce, "Na ce a aiko mini." Ya yi addu'a ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Iya kuwa ta yi kwana uku ba ta tsokane ni ba. A na huɗu ta zo da damin kaba da ta jiƙa, da basilla, da 'yan ƙulle-ƙullen rini, ta zauna a gefen katifata.

"Takwara, hannunki dai bai karye ba. Karɓi."

Ta nuna mini yadda ake fara faifai daga cibiya, a naɗe, a soka basilla, a zaro kabar a ja ta da ƙarfi ɗaya kowane karo. Sau uku tana warware mini.

"Iya, ai ya yi."

"Ya yi wa Ƙyalle. Cibiyar ta karkace, in kika ci gaba a haka kwano za ki samu, ba faifai ba."

Aikin ya dace da halina, domin ƙirga ne da haƙuri. Da hannuna ya faɗa sai wata dabara ta zo mini. Na riƙa saƙa ƙananan fayafayi farare, kamar tafin hannun babba, a kan kowanne in ɗinka harafi ɗaya da jar kaba, don 'yan aji ɗaya su riƙa ɗagawa suna faɗa. Kwali yagewa yake yi, wannan kuwa ko sun ciza ba abin da zai same shi. Iya ba ta yi boko ba, amma ta haddace su da nata sunayen: wannan mai ƙugiya, wancan mai ciki a gaba. In na gama ɗaya sai ta rataye shi a jikin zanan rumfa. Tun daga ranar ba ta sake ambaton mai ɗori ba, ni ma ban tayar ba.

Ranar Asabar Ngozi ke zuwa. 'Yar ajinmu ce, babanta yana sayar da kayan babur kusa da tasha, a Daura aka haife ta. Takan kawo mini takardun darasi da labarin kowa.

"Na ga saurayinki a titi," in ji ta tun kafin ta zauna. "Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba ke ba ce, ya kau da kai. Ko mazan ajinmu ba su taɓa yi mini wannan wulaƙancin ba."

Ita ta gaya mini an kafe sunaye, makaranta ɗaya aka tura mu, kuma an ba ni aji ɗayan da na roƙa. Na ce, "Kina ganin zan kai?"

Ta ɗauki cokali. "Ɗanwaken nan ke kika yi? Wallahi kin fi Inna. Kada ki gaya mata."

Ga wanda wannan rubutu ya isa gare shi, abu biyu nake roƙo. Na farko, in karaya ta samu naka, a yi hoto tukuna, ko wa zai ɗora. Kuma kada a auna ƙashin mutum da na kaza, kada majinyaci ya yi wa kansa hukunci don gida ba kowa. Na biyun ga masu jinya ne. Kalmar "saura kaɗan" tana da daɗin faɗa, amma wanda ke kwance lissafi yake yi da ita. Ni da ita na lissafa har na saki dirka.

Kazar tana nan. Iya ta so a yanka ta a yi mini romo, na hana. Ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, tana yawo da 'ya'yanta a gabana da ɗan ɗingishinta, Damisa yana kallonsu da ido ɗaya.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin a koma makaranta aka yanke dogon simintin, aka sa mini gajere daga ƙasan gwiwa, aka ba ni sanduna biyu. Likita ya ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa tukuna. Ni dai na ga gwiwata ta lanƙwasa, sai na ɗauka an gama. Ranar Lahadi na sa Inna ta goge mini hijabi, na zuba fayafayina goma sha shida a jaka, na kai har harafin da Iya ke kira mai ƙafa uku. Inna ta goge, ta ninke, ba ta dube ni ba.

Litinin da safe na fito rumfa a kan sanduna, a shirye, jakata a wuya. Gero ya nuna a bayan katanga, ana jin muryoyin yara suna wucewa makaranta. Baba yana garke yana kwance tumaki. Bakwai ta yi, Ƙyalle ya miƙe. Da ya gan ni tsaye da jaka sai ya kama kaɗa wutsiya, ya yi gaba, ya dawo, ya sake yin gaba. Na kai bakin ƙofar baya na tsaya. Daga rumfa zuwa nan taku goma ne, amma har gumi ya jiƙa hijabin. Na hango hanyar, da kwalbatin can nesa.

Ban taɓa yi wa Baba tambaya kai tsaye ba a rayuwata. Ran nan na yi.

"Baba, zan je ko ba zan je ba?"

Ya gama kwance tunkiyar da ke hannunsa. Ya zo ya karɓi jakar daga wuyana, ya jawo turmi ya kifa, ya zaunar da ni a kai, shi kuma ya tsuguna a bakin ƙofa. Ƙyalle ya gaji da jira, ya kama hanyar titi shi kaɗai, yana waiwaye.

"Bana ba za ki je ba, Uwata. Tun ranar da aka sa simintin likita ya gaya mini wata huɗu ne, in an yi sa'a. Na kasa faɗa miki, na hana kowa ya faɗa, wannan laifina ne. Na je makarantarku, ƙawarki ta nuna mini ofishin, sun rubuta sun ajiye miki gurbinki sai baɗi. Likita ya ce ƙafar za ta koma daidai, ba mai gane wadda ta karye, in dai kin bar ta ta gama." Ya dubi hanya, inda karen ya kusa kai wa kwalbati. "Ki zauna ki ƙarasa haruffanki. Shi kuma wancan ki bar shi ya riƙa zuwa, kada ya manta hanya kafin ki tashi."